Tulun Inna a Layin Rijiya

Na sauka Landan da hantsi ana yayyafi, akwatin ƙarfe a hannu, gwado a kafaɗa. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, gwamnati ta turo ni ƙaro ilmin lissafi. Sunana Rabe, mutumin Wurma ta ƙasar Kurfi, kuma ni ne auta a ɗakinmu. Gwadon nan Inna ce ta kaɗa zarensa da hannunta, ta kai wa masaƙi a Kurfi. Ranar da ta miƙa mini shi ƙafafunta sun riga sun fara kumburi. Ta ce, "Auta, ban san inda za ka ba, kuma ban hana ka. Abu guda nike roƙo, ka dawo ka iske ni. Ban son a ba ka labarina a bakin hanya." Na ce mata shekara uku ai kamar gobe ne. Da sauƙin baki na faɗa, don a lokacin ban san tsawon shekara uku ba.

Gwadon ko yini ɗaya bai yi a hannuna a Ingila ba. Ina tsaye a tashar jirgin ƙasa ina waige-waige, sai na ji an ce, "Sannu da zuwa, aboki! Ina gajiya?" Wani Bature ne jajir, da Hausar bariki a bakinsa, wai ya yi soja a Kaduna. Wallahi saura kaɗan in rungume shi. Ya ce ya san wata tsohuwa mai ɗakin haya, amma ba ta yarda da baƙo sai ta ga jingina, in ba shi gwadon ya je ya nuna mata, ni kuma in jira shi jikin ginshiƙi. Na jira har la'asar ta yi sanyi. Wani ɗan dako, baƙar fata mutumin Jamaika, ya gaji da ganina a tsaye, ya zo ya tambaye ni lafiya. Da na gaya masa bai yi dariya ba, ko da yake na ga dariyar ta zo masa har baki. Ya zuba mini shayi a murfin filas ɗinsa, ya rubuta mini adireshin masaukin ɗalibai, ya sa ni a bas. A kujerar bayan bas ɗin na yi kukana na farko a ƙasar Turawa. Ban taɓa rubuta wa gida cewa gwadon ya ɓata ba.

Daga Landan na wuce Mancesta, inda jami'armu take. Gari ne na hayaƙi, farar riga ba ta yini fara. Gida bakwai na ƙwanƙwasa kafin a ba ni ɗaki, kuma a shida daga ciki ɗakin yana nan har zuwa lokacin da aka ga fuskata. Ta bakwai ɗin, Misis Bel, gwauruwa ce mai dokoki fiye da alƙali: kada a hau bene da takalmi, kada a yi wanka sai Asabar, kada a taɓa gawayin murhu ba izini. Amma ita ce ta lura hannuwana na tsagewa saboda sanyi, ta saƙa mini safar hannu, ta ajiye mini a bakin ƙofa. Ran da kewar gida ta ishe ni na tuƙa tuwo da garin da suke yi wa yara kunu, na yi miya da alayyafon gwangwani. Ta ɗanɗana, ta ajiye cokali, ta tambaye ni laifin me na yi da nake hukunta kaina haka.

Malamin da aka haɗa ni da shi dogo ne siriri, lofe ba ya barin bakinsa, shi ya sa a raina nake ce masa Mai Lofe. Aikinsa lissafin layi, wato layin masu jira. Da na rubuta wa yayana Sada cewa abin da nake karanta ke nan, ya amsa da cewa da na faɗa tun farko da an kai ni bakin asibitin Dutsin-Ma na koya kyauta. Amma ilmi ne sosai. Masu wayar tarho ne suka fi bukatarsa, don su san ma'aikata nawa za su zaunar su riƙa haɗa kira. Ka ɗauki taga ɗaya da ma'aikaci ɗaya, mutane na zuwa ba tsari, wani lokaci uku tare, wani lokaci shiru. In ma'aikacin yana aiki rabin lokacinsa yana hutawa rabi, yawanci mutum ɗaya za ka tarar a wurin. In aiki ya cinye kashi tara cikin goma na lokacinsa, mutum tara za ka tarar. In ya cinye casa'in da tara cikin ɗari, mutum casa'in da tara. Aikin bai ko kai ninki biyu ba, layin ya ninka kusan sau ɗari. Ni abin da Mai Lofe ya ba ni in bincika shi ne, in aiki ya yi irin wannan nauyi sannan aka ɗan samu tsaiko, tsawon wane lokaci layin zai ɗauka kafin ya koma yadda yake.

Wata shida ina fama da allo da alli, sai ran nan na ajiye allin na ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan ai rijiyar garinmu ce."

Ya cire lofe ya ce in yi masa bayani. Na ce da damina rijiyarmu ba kowa, da rani a ɗan jira, amma da bazara, in tafkuna suka ƙafe makiyaya suka gangaro da shanu, layi har bayan tsamiya. Na gaya masa abin da Inna ta taɓa faɗa mini ina yaro, ina ƙorafin jira. Ta ce, "Ba yawan mutane kaɗai ba ne, Auta. Da rani guga na samun hutu, in igiya ta tsinke a ɗaura, kafin azahar an rama. Da bazara kuwa guga ba ta sauka hannu. In igiya ta tsinke yau, har jibi ana jin jiki." Mai Lofe ya ce tsohuwar nan ta gama rabin littafin bincikena, saura in sa alamomi.

Sai ya tambaya, to mutane haka suke yini a tsaye cikin rana? Na ce a'a, mu ba ma tsayawa, tulu ke tsayawa. Mace ta kawo tulunta ta ajiye a layi ta koma ta yi daka, ta yi salla, ta shayar da yaro. In layi ya matsa, ta bayanta ta tura mata shi gaba. In ya kai bakin rijiya ba ta dawo ba, a cika mata a ajiye gindin tsamiya. Ba a tsallake tulu, ko na maƙiyinka ne. Ya yi dariya har da tari, ya ce abin ya burge shi, amma in cire shi daga lissafina, don a ƙasarsu wanda ya bar layi ya bar shi ke nan. Na cire shi daga lissafi, na yi dariya tare da shi, ban kuma ƙara tunawa da maganar ba.

Cikin shekara ta uku, sanyi ya fara sauƙi, wasiƙa ta zo. Yaya Sada ba ya rubutun boko, malamin asibitin Dutsin-Ma ke rubuta masa, wani Kirista mutumin kudancin Zariya, Malam Bulus. Wasiƙar ta fara da gaisuwa shafi guda, da labarin tsadar gero, da haihuwar akuya, sannan a ƙarshe aka ce Inna ba ta ɗan jin daɗi, amma da sauƙi. Na san yayana, ko gida na cin wuta da sauƙi zai ce. A can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an ƙara layi biyu: "Ni Bulus na ƙara wannan, yayanka bai sani ba. Na je na gan ta, ruwa ya hau ciki. In za ka zo, ka zo yanzu."

Mai Lofe bai ja magana ba, ya ce in tafi, littafi zai jira. Jirgin sama na manyan ma'aikata ne, mu takardar da gwamnati ta ba mu ta jirgin ruwa ce. Misis Bel ta ɗaure mini burodi da dafaffen ƙwai, na hau jirgin ƙasa zuwa Libapul, inda jirgin ruwa ke tashi.

A Libapul na tarar da rijiyar bazara. Jirgin Legas duk mako biyu yake tashi, kuma dama a cike yake tafiya, sai ga shi guda ya lalace, mutanensa duka suka zubo kan na bayansa. Mai gadin ofishin jirgin, wani ƙato mai maɓallan tagulla a riga, ya ce mini jirgin Asabar ya cika, amma akwai gurbi goma sha biyu na waɗanda suka fasa, za a raba ran Juma'a, wanda ya riga zuwa shi ke samu. Ran Juma'a na yi sallar asuba na fito. Da gari ya waye na ƙirga, ni ne na tara. Na ce alhamdu lillahi.

Ba a buɗe taga ba sai da rana ta take, wai akawu na jiran takarda daga jirgi. Akawu ɗaya ne, tsoho, yana lasar yatsa kafin ya juya kowane shafi. Na fiddo agogo, abin sana'a, na auna mutum biyu na farko, kowanne ya ci kusan minti ashirin. Saura shida a gabana, awa biyu ke nan. Ana cikin haka wani dattijo mutumin Yaman, mai shagon shayi a tsallaken titi, ya zo wucewa da tire, ya ga carbi a hannuna, ya yi mini sallama. Sunansa Salihu. Da ɗan Larabcina na makarantar allo na gane yana cewa akwai Juma'a a wani gida bayan shagonsa, yanzu za a tayar. Shekara biyu da rabi rabona da sallar Juma'a cikin jam'i. Na ce a raina, in je in roƙa wa Inna sauƙi a cikin sahu, ko Allah ya dubi bakin wani.

Na ajiye jakata a daidai inda ƙafafuna suke, na jingina lema a kanta. Na juya ga na bayana, wani Bature mai karanta jarida, na ce masa ga jakata nan, zan je in dawo. Ya ɗago ya yi murmushi, na ɗauka ya amsa. Sai daga baya na gane Bature kan yi murmushi ko da bai ji abin da ka ce ba. Ko ɗar ban ji ba da na tsallaka titi. Abin da na tashi na ga ana yi ke nan tun ina goye.

Minti hamsin na yi. Da na dawo saura mutum uku kafin wurina, lissafina bai kuskure ba. Amma jaka ba ta nan, mai jarida ya matso ya haɗe da na gabana. Na tarar da ita a ɗakin mai gadi, an ɗaura mata takarda, an rubuta kayan tsintuwa. Na ce masa ba ɓata ta yi ba, wurina take riƙe mini. Ya dube ni kamar na yi masa Hausa. Ya ce, "Kaya ba ya tsayawa a layi. Mutum ke tsayawa. Ka koma baya."

Ni ba mai roƙo ba ne, mutanen gidanmu sun san taurin kaina, amma ran nan na yi roƙo. Na fiddo wasiƙar Malam Bulus ina nuna wa mutane, na manta ba wanda zai iya karanta ta. Mai jarida ya ƙara ɗaga jaridarsa. Wata mata 'yar Saliyo daga can baya ta ɗaga murya ta ce a bar yaron nan ya shiga, tun asuba ta gan shi. Sai wani Bayarabe, da yake na goma sha uku kafin in fita, yanzu kuma ya zama na goma sha biyu, ya ce da ni cikin sanyin murya, shi ma matarsa ce ke kwance a Ibadan, kuma shi bai je ko bayan gida ba tun safe. Idanunsa sun yi ja. Ba ƙarya ya yi ba. Na ɗauki jakata na koma baya, na zama na talatin da wani abu, na tsaya har aka rufe taga a idona, ko da yake na san ba amfani.

Da an bar ni da jahilcina da na fi samun sauƙi. Kowa a wurin yana cewa ba komai, na mako biyu masu zuwa zai kwashe mu. Ni kuwa na san ba haka ba ne. Jirgin da dama sauran gurbinsa 'yan kaɗan ne ba ya kwashe mutanen jirgi guda a tashi ɗaya, sai dai ya riƙa tsakura. Daga ran nan ma suka daina layi, suka buɗe littafin jira, sunana ya faɗa can ƙasa. Na zauna shagon Salihu na yi lissafin a bayan takardar burodin Misis Bel, ya ba ni mako shida. Na sake yi sau uku ko zan kama kaina da kuskure, ban kama ba.

Salihu ya ɗauki abin a ransa fiye da kima, yana cewa shi ya kira ni. Na ce masa shi salla ya kira ni, ba shi ya ce in bar jaka ba. Ya ba ni ɗaki a saman shago, ya hana ni zancen haya, ni kuma na riƙa wanke masa kofuna don kada in haukace. Na buga wa Malam Bulus wayar talgiram cewa ina hanya, amsa ba ta zo ba. Jirgi biyu suka ƙara tashi a idona, ina tsaye bakin ruwa ina kallon mutane na ɗaga hannu. A na ukun aka kira sunana, mako shida cif. Ban taɓa ƙin jinin lissafi irin na ranar ba.

Mako biyu a teku ban san me na ci ba. Daga Legas jirgin ƙasa ya kawo ni Funtuwa, daga nan na hau bayan motar gyaɗa zuwa Dutsin-Ma. Damina ta sauka, gero ya kai gwiwa, ƙasa ta yi kore shar, ni kuwa ba na son kallonta. Na zarce asibiti. Malam Bulus gajere ne mai tabarau, ban taɓa ganinsa ba sai rubutunsa. Da na faɗi sunana ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da bakin riga. Ya ce, "Malam Rabe, sannu da hanya. Yayanka ya ce kada in ce maka komai. Ga kekena, ka ƙarasa gida." Na karɓi keken ban tambaye shi ba, shi ma bai dube ni ba.

Na bi ta Kurfi ban tsaya gaida kowa ba. Duk mai shiga Wurma daga wannan hanya sai ya wuce ta rijiya. Layi babu, mata huɗu ne kawai, da yake damina ce. A bakin rijiyar, gaba da duka tulunansu, ga wani ƙaramin tulu mai tsaga a baki an liƙe da danƙo. Ni na tsaga shi ina ɗan shekara goma, na sha duka a kansa. Na sauka daga keke ban san na sauka ba.

Goggo Delu, maƙwabciyarmu, ƙawar Inna tun suna amare, ita ta fara gane ni cikin kwat da wando. Ta saki igiya, ta ce, "Auta? Kai ne? Inna lillahi. Auta, sai haƙuri. Yau kwana goma sha tara."

Na yi lissafin a tsaye, don kaina ba ya iya bari. Da jirgin farko na hau, da na yi mako uku a gabanta. Na ce, "Goggo, mi tulun nan ke yi a nan?"

Ta share ido da bakin zane. Ta ce, "Ran da ciwon ya kada ta, nan take, cikin bazara, layi har tsamiya. Ka san ta, an hana ta zuwa ba ta ji, wai hira take zuwa. Jiri ya ɗebe ta, ta bar tulun a layi muka kai ta gida. Da la'asar matar yayanka za ta zo ɗauka, sai ta ce a'a, a bar shi, an rubuta maka takarda, kana hanya, kai za ka ɗauko mata. Tun ran nan kullum in layi ya kawo kanshi sai mu juye na jiya gindin itace mu cika sabo. Duk wadda ta shiga gaishe ta sai ta tambaya, tulun na nan? Mu ce yana nan. Ta ce to, ai bai daɗewa."

Na ce, "Bayan ta rasu fa?"

Ta ce, "To wa zai tsallake shi, ɗan nan? Ba ta ce a ɗauke ba."

Kusan wata uku tulun nan yana riƙe mini wuri, ni kuwa jakata ko awa ɗaya ba ta yi ba. Na durƙusa a cikin caɓi da wandon Ingila, na yi kukan da ban yi a Libapul ba, ban yi a teku ba. Ba wanda na ga laifinsa sai kaina, har yau kuma da na tsufa ina koyar da lissafin nan ban daina gani ba. Matan suka tsaya, ba wadda ta jefa guga.

Da na yi shiru Goggo Delu ta juye ruwan jiya gindin tsamiya, ta ja sabo da hannunta, ta cika tulun har ya tumbatsa. Ta ce, "Tashi ka ɗauka, Auta. Layi ya daɗe da zuwa kanka."

Na bar keken Malam Bulus a nan, na saɓa tulun a kafaɗar da na tafi da gwado. Ruwa na zuba ta tsagar yana bin wuyan kwat ɗina, na kama hanyar gida, na kai mata.